Jami'ar Intanet Ma Tana Bukatar Ɗaki da Malami

Kowace shekara matasa kusan miliyan biyu ne ke zana jarrabawar JAMB, kuma kowa ya san jami'o'in Najeriya ba su da gurbin da zai ɗauke su duka. Shi ya sa maganar karatu ta intanet take yi wa hukumomi daɗi a kunne: ba gina aji, ba ɗakin kwanan ɗalibai, yaro ya yi digirinsa da wayar hannu, in ya gama ya samu aiki da wani kamfanin Turai yana zaune a Fagge ana biyansa da dala. Hanyar tana da kyau, kuma ba makawa sai mun bi ta. Inda na saɓa da masu tallarta shi ne ɗaukar da suke yi cewa da zarar an ɗora darasi a intanet an gama aiki. Karatun nesa ba ya yin albarka sai an tanadi wurin da ɗalibi zai je ya samu wuta da intanet, da kuma malamin da ya san sunansa, kuma can ya kamata kuɗin gwamnati su tafi.

Duniya ta riga ta gwada ɗaya hanyar. A 2012 aka buɗe Coursera da edX a Amurka, wannan na biyun haɗin gwiwar jami'o'in Harvard da MIT, aka yi ta shelar cewa ɗan talaka a ko'ina zai saurari manyan farfesoshi kyauta. Miliyoyi suka yi rajista. Amma wani bincike da mujallar Science ta buga a 2019 kan darussan jami'o'in biyu ya nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kusan mutum 3 cikin 100 ne suka kai ƙarshen darasin da suka fara, kuma akasarin masu rajistar daga ƙasashe masu arziki suke. Darussan ba su da aibi. Abin da ya rasa shi ne wanda zai lura cewa wane bai miƙa aikinsa ba mako uku, ya kira shi ya ji ko lafiya. Wanda ya riga ya yi digiri, ya iya tsara lokacinsa, zai iya karatu shi kaɗai. Wanda ya fito daga sakandaren da ajinsu ya cika maƙil, Turancinsa ma bai zauna ba, in aka bar shi da bidiyo to an bar shi ne kawai.

Waɗanda suka yi nasara a karatun nesa sun gane wannan tun kafin a san intanet. Buɗaɗɗiyar jami'ar Ingila ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1971, tana koyarwa ta rediyo da talabijin na BBC da littattafan da ake aikawa ta gidan waya, amma kowane ɗalibi yana da malamin da ke duba aikinsa, ya rubuta masa gyara, su kuma riƙa haɗuwa lokaci-lokaci. Da Senegal ta kafa jami'arta ta intanet a 2013, sai ta shiga gina cibiyoyi a garuruwa, masu kwamfutoci da intanet, don kada rashin abin hannu ya kori ɗalibi. Tamu jami'ar, NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, ita ma tana da cibiyoyi sama da ɗari, har a cikin gidajen yari, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Ke nan tushen yana nan. Sai dai cibiyoyi ɗari da 'yan kai a ƙasa mai ƙananan hukumomi 774 sun yi kaɗan ƙwarai, kuma cibiyar da ɗalibi ba ya zuwa sai ranar rajista da ranar jarrabawa ba ta cika aikinta ba.

Shekarar 2020 ta isa darasi. Korona ta rufe makarantu a watan Maris, yajin aikin ASUU ya ja har Disamba, aka ce a koma intanet. Wasu jami'o'i masu zaman kansu sun koma, na gwamnati galibi suka zauna. Ko ba yajin aiki, a dubi ɗalibin da ake magana a kansa: wayarsa tana shagon mai caji an manna mata lamba tun safe, datar da ya saya lacca ɗaya ta Zoom za ta cinye rabinta, malami yana tsakiyar bayani hoton ya daskare. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro. A Oktobar 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako a duhu bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Duk waɗannan a wuyan ɗalibi suke sauka idan tsarin ya dogara da wayarsa kaɗai.

Za a ce gina cibiyoyi ya mayar da mu gidan jiya, tunda gudun kashe kuɗi ne ya kawo mu nan. Ɗaki guda mai kwamfutoci da faifan sola a harabar wata sakandare ko sakatariyar ƙaramar hukuma bai kai kuɗin katangar sabuwar jami'a ba, kuma hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ta saba kashe abin da ya fi haka. Za a kuma ce amfanin karatun intanet shi ne matar aure ko ma'aikaci su yi shi daga gida, to me ya kawo fita? Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ba wanda ya ce a tilasta zuwa kullum. Fita sau ɗaya a mako zuwa wuri na kusa, a sauke darussa, a ga malami, ita ce ma za ta sa maigida ya yarda cewa karatun na gaske ne. Masu cewa sola da intanet na tauraron ɗan'adam suna ƙara araha sun yi gaskiya, amma arahar a wajen mutum ɗari da suka haɗu kan na'ura ɗaya take, kuma na'ura ba ta duba aikin ɗalibi.

Batun aiki daga nesa ma a nan yake rataye. Kamfanin da ke ƙetare yana son wanda zai shiga taro a kan lokaci, ya rubuta rahoto mai tsabta, ya miƙa aiki ranar da aka sa, kuma a hannun malami mai gyara ake koyon waɗannan. Hukumar NUC ta fara bai wa buɗaɗɗun jami'o'i masu zaman kansu lasisi, Miva na cikin waɗanda suka samu a 2023. Kamata ya yi duk mai neman lasisi ko sabunta shi ya faɗi ɗalibai nawa ke hannun kowane malami, cibiyoyi nawa gare shi a wajen manyan birane, kuma kowace shekara ya buga adadin waɗanda suka shiga da na waɗanda suka gama, iyaye su gani kafin su biya kuɗi.