Maganin kitsen jini da Korona: me bincike ya nuna, me ya kamata a aiko gida?



Duk lokacin da hunturu ya kama, tari da mura suka yi yawa, sai tsofaffin saƙonnin WhatsApp su dawo yawo. Akwai mai cewa maganin rage kitsen jini, wanda likitoci ke kira sitatin, yana hana mutuwa daga Korona. Masu saurare na tambayarmu: ɗan da ke Abijan ko Lome ya sayo ya aiko wa tsoho a Bonkuku ko Shikal? Amsarmu a'a ce, sai in likita ne ya rubuta. Ga dalili.

Maganar na da tushe. Korona ta shigo Nijar ranar 19 ga Maris 2020. Cikin watan Yuni na wannan shekara, masu bincike suka duba takardun majinyata 13,981 da aka kwantar a lardin Hubei na ƙasar Sin. Cikin masu shan sitatin, wajen 5 cikin 100 suka rasu a kwana 28. Cikin takwarorinsu da ba su sha ba, wajen 9 ne. Daga irin wannan labari jita-jitar ta taso.

To amma duba takardu daban, gwaji daban. Mai shan sitatin galibi mutum ne da ya saba zuwa likita, ana auna shi, ana kula da shi tun kafin cutar. Kamar a ce gonar da aka zuba wa taki ta fi ba da hatsi, alhali ita ce kuma aka yi wa noma a kan kari. Wa zai ce takin ne kaɗai?

Shi ya sa aka yi gwaji da ƙuri'a, wasu a ba su maganin, wasu a'a. A Iran, an gwada atorvastatine kan mutum 587 masu jinya mai tsanani, sakamakon da ya fito a 2022 bai nuna wani bambanci na kirki ba. Wani babban gwaji na ƙasashe da dama, REMAP-CAP, ya gwada simvastatine cikin mutum 2,684. A Oktoba 2023 aka ce akwai alamar amfani, amma ba ta kai mizanin da aka aza ba, kuma alamun lahani ga tsoka da hanta sun fi yawa ga waɗanda suka sha. Su ma a asibiti suke, ana auna jininsu, ba a gida ba.

Ke nan sitatin ba maganin tari ba ne, ba rigakafin Korona ba ne. Aikinsa da aka tabbatar shi ne rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wanda likita ya riga ya aza shi a kai, kar ya bari don kansa. Mace mai ciki ta nisance shi. Mai sha da ya ji tsoka na ciwo ƙwarai, ko fitsari ya yi baƙi, ya tafi likita take. Kuma kar a saye shi hannun masu talla a kasuwa, inda rana ke dukan ƙwayoyi tun safe.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ɗage dokar ta-ɓaci kan Korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma cutar ta bar mana darasi. Ta fi yi wa tsofaffi da masu hawan jini da ciwon sukari illa, kuma a ƙauyukanmu nawa ne suka taɓa aunawa?

Ƴan uwa na waje, mun san tausayi ne ke sa ku aiko kwalin magani. In kuna son taimakon baba da inna, ku aiko kuɗin mota da na awo, a kai su CSI mafi kusa ko asibitin gundumar Filinge. In likita ya rubuta takarda, a ɗauki hotonta a aika muku, ku sayi abin da aka rubuta daidai. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.