Raddi ga masu ganin fuskar mutum a dutsen Mars

Ran 25 ga Yuli 1976, kumbon Viking 1 na hukumar NASA ta Amurka, yana cikin kewaya duniyar Mars, ya ɗauki hoton wani yanki da ake kira Sidoniya. A hoton an ga wani dutse mai tsawon kusan kilomita 2 da abin da ya yi kama da ido da hanci da baki. Hukumar ce da kanta ta saki hoton, ta ce haske da inuwa ne suka yi wasansu. Wasu suka ƙi yarda. Vincent DiPietro da Gregory Molenaar suka tono hoto na biyu na dutsen, sannan Richard Hoagland ya fitar da littafi a 1987 yana cewa fuska ce da aka sassaƙa, kuma duwatsun kusa da ita kufan birni ne da dalarsa. Da'awar ba ta mutu ba, tana nan tana yawo daga waya zuwa waya. Zan bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma babban mai shaida a kansu yana nan ƙasar Adar a Nijar.

Hujjarsu ta farko ita ce kama, wai ga shi hoto biyu sun nuna abu guda. Kama dai akwai ta, ba mai musu, amma biri ma ya yi kama da mutum. Abin tambaya shi ne ƙarfin ganin na'urar. Kowane ɗigo a hoton Viking ya haɗiye fili mai faɗin kusan mita 50, ke nan duk tsawon fuskar bai wuce ɗigo 40 ba, filin ƙwallo sukutum kuma ɗigo biyu ne. Hoton cike yake da baƙaƙen tabo na bayanan da suka zube a hanya kafin su iso duniya, ɗaya daga ciki ya faɗa daidai inda ake cewa ƙofar hanci ce. Hoto na biyun kuwa na'urori irin guda ne suka ɗauke shi, rana ta karkata, rabin dutsen yana cikin inuwa kamar a na farko. Shaidu biyu masu raunin ido ɗaya, da suka tsaya wuri ɗaya, ba su fi shaida guda da yawa ba.

Ta biyu ta fi nauyi, kuma ita ta cancanci a tsaya a kanta. Suka ce dutsen yana zaune bisa dakali mai miƙaƙƙen gefe, ɓangarorinsa sun yi daidai, ruwa da iska kuwa ba su san layi ba. Wanda ya bi hanya daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza, ko ya hau zuwa Badagishiri da Illela, ya san wannan magana ba ta tsaya ba. Tsaunukan Adar kawunansu a shimfiɗe suke, tsayinsu kusan ɗaya, gefensu ya sauko tsaye sannan ya baje. Dalilin sananne ne. A sama akwai ɓawon marmara mai tauri, ƙarƙashinsa yumɓu da farar ƙasa masu laushi. Ruwan damina yana cin na ƙasa, marmarar ta rasa madogara ta karye, gaɓar tudun ta ja baya, ƙoramu su yanka shi gunduwa-gunduwa har wani yanki ya rabu ya tsaya shi kaɗai a fili. Tsayinsu ya zo ɗaya ne don asalinsu shimfiɗa ɗaya ce, gefensu ya miƙe ne don dutse yana karyewa ta tsagar da ke jikinsa. Sidoniya tana kan iyakar tuddan kudancin Mars da kwarin arewacinta, kuma cike take da irin waɗannan ragowar tudu. Ban ce marmara ce a can ba, kuma masu aikin sun bambanta, domin iska da ƙanƙara da zabtarewar ƙasa sun fi tasiri a Mars. Amma ƙa'idar ɗaya ce: mai tauri ya rufe mai laushi, zaizaya ta fitar da siffa. A cikin ɗaruruwan duwatsu irin haka, da a ce ba a sami ko ɗaya mai kama da wani abu ba, wannan ne zai zama abin mamaki. Ko a Nijar, hotunan jirgin sama sun nuna daji mai ratsi-ratsi a tuddan yamma, layin itatuwa da layin fako suna bin juna kamar an shuka da igiya, alhali gangaren ruwan sama ne ya jera su.

Akwai ma'aunin da ke raba aikin hannu da ruɗin ido, kuma kowa zai iya gwada shi a taswirar tauraron ɗan Adam da ke wayarsa. A kusanto da gandarin noman rani na Ƙonni: da farko kore ne kawai, sai magudanun ruwa su fito, sai ƙananan rassansu, sai iyakokin gonaki. A kusanto da fakon da manoman Illela suka farfaɗo da shi tun ƙarshen shekarun 1980 da ramukan tare ruwa na tassa da rabin wata: za a ga ramukan rabin watan jere, bakinsu duk yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa. Aikin mutum ƙara bayyana yake yi idan aka matso. Fuskar Sidoniya kuwa da aka matso sai ta watse. Ran 8 ga Afrilu 2001 kumbon Mars Global Surveyor ya ɗauke ta da ɗigon da bai kai mita 2 ba, aka ga tsauni mai tsayin kusan mita 250, da tsagogi da tarin duwatsun da suka zubo, babu ido babu baki.

Nan ne suka koma ga hujja ta uku, wai an ɓoye gaskiya an gyara hotunan. A yi musu adalci: hoton farko na wannan kumbo, na 5 ga Afrilu 1998, ya fito cikin hazo, yadda aka sarrafa shi kuma ya baje dutsen, don haka ƙorafinsu a lokacin yana da kan gado. Sai dai na 2001 ya zo a sarari, a 2006 kumbon Mars Express na hukumar Turai ya auna wurin ta fuskoki da dama ya fitar da tsauni, a 2007 wata na'urar da ke ganin abin da bai kai mita guda ba ta sake tabbatarwa. Indiya ta kai kumbonta Mars a 2014, Sin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2021, ba wadda ta yi shelar birni. Hukumar NASA da kullum take roƙon kuɗi a majalisa, me zai sa ta binne abin da zai buɗe mata baitulmali?

Ta huɗu ita ce an taɓa yin ruwa a Mars. Gaskiya ne, akwai busassun kwaruruka da bakin kogi a ramin Jezero inda motar Perseverance ta sauka a Fabrairun 2021. Amma a lura da yadda aka san hakan. Mun yarda teku ta taɓa kwanciya a Malbaza ne saboda ta bar shaida shimfiɗa bisa shimfiɗa, farar ƙasar da ake siminti da ita da bawon halittun ruwa a cikin dutse. Birnin da ya sassaƙa fuska mai kilomita 2 zai bar mahaƙa da hanyoyi da juji, ba a ga ko ɗaya ba. Masanin taurari Percival Lowell ma ya zana magudanun ruwan da ya ce ya gani a Mars tun shekarun 1890, hotunan kumbon Mariner 9 da ya isa can a 1971 suka share su.

Saura masu cewa Allah mai iko ne ya halicci wasu a can. Babu mai jayayya da ikonSa, kuma binciken ko ƙananan halittu sun taɓa rayuwa a Mars yana nan a buɗe. Amma yiwuwar abu daban, tabbatar aukuwarsa daban, kuma a wajen malamanmu mai da'awa shi ke kawo shaida. Shaidar da aka kawo ɗigo 40 ne da inuwar yamma, hotunan da suka fi ta kaifi nesa ba kusa ba kuma sun rushe ta. Dutsen Sidoniya tsauni ne da zaizaya ta ci.