Ciwon Hargitsewar Bugun Zuciya: Ƙwaya Ko Ƙonawa?

'Yan uwana 'yan kasuwar Mont-Bouët a Libreville, in zuciya ta riƙa fat-fat ba tsari, kada a ce gajiya ce. Ciwon nan yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki wajen sau 5.

Magani iri biyu ne: shan ƙwayoyi, ko a zura waya ta jijiyar cinya a ƙone tushen hargitsin, dabarar likitocin Bordeaux ta 1998. Binciken CABANA na 2019 ya nuna ƙonawa ta fi hana ciwon dawowa, amma bai tabbatar ta fi ƙwaya hana mutuwa ba.

Saboda haka kada a karya jari a tafi Faransa kafin a ga likitan zuciya a nan. Maganin tsinka jini kuwa, ko an yi aikin, ba a barinsa sai likita ya ce. Allah ya ba mu lafiya.