Wa zai rubuta mana Birnin Lalle da Hausa?

Tun watan Maris na 2025, da kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, ake ta murna. Ni ma na yi murna. Amma ni mushe ne, wato malamin makaranta, na tsufa da alli a hannu tsakanin Birnin Lalle da ƙauyukan Dakoro, kuma abin da nake nema a bayan kowace doka shi ne littafin da zan miƙa wa yaro ya tafi da shi gida.

Gardamar harshe ta daɗe a tsakanin marubutan Afirka. A 1962 masu rubutu da Ingilishi suka taru a Makerere ta Uganda, alhali Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya haura shekara ashirin a hannun masu karatu, amma taron bai shafi irinsa ba. Chinua Achebe ya tsaya a kan zai riƙe Ingilishi, ya lanƙwasa shi har ya ɗauki kayan mutanensa. Ngugi wa Thiong'o na Kenya kuwa ya koma wa Gikuyu, ya ma rubuta littafi da shi a cikin kurkuku. Su Ingilishi ya dame su, mu Faransanci.

Ku dubi Abdullahi Mamani, ɗan Gudumariya, ɗan jam'iyyar Sawaba da ya sha gudun hijira da kurkuku. A 1980 ya fitar da Sarraounia a birnin Faris. Labarin Sarauniyar Aznan Lugu ne, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, rundunar nan da ta yi ta'asa a Birnin Ƙonni kafin nata sojojin su hallaka jagororinta a wajen Maijirgi. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1987. Ba na zargin Mamani. Faransawa sun daɗe suna ba da labarin wannan tafiya daga bakin hafsoshinsu, shi kuma ya bi su har gida, ya faɗa musu da harshensu cewa akwai macen da ta ƙi. Wannan aiki ne na jarumi, kuma da Faransanci kaɗai zai yiwu.

Sai dai matan da suka fi cancanta su ji labarin, masu daka a Lugu da masu ɗibar ruwa a rijiyoyinmu, ba da harshensu aka buga shi ba. Na sha karanta wa ɗalibai shafi guda, in ga ido ya yi zuru. In juya shi da Hausa, sai aji ya ɗauki surutu, wannan ya ce kakarsa ta taɓa faɗa masa makamancinsa. A nan nake ba Ngugi gaskiya.

Kada wani ya ce mutanenmu ba sa karatu. Littattafan Kano sun ƙetaro ta Jibiya da Ɗan Isa sun cika Maraɗi, ƴan mata na musayar In da So da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da na Balaraba Ramat Yakubu har bango ya cire. Yanzu a waya suke karantawa. Madalla da Kano, amma unguwanninta take ba mu labari, da nairarta, da makarantunta. Ina labarin Gobirawa da suka sauko daga Azbin suka yi sarauta a nan Birnin Lalle kafin Alƙalawa? Ina labarin farin 1973 da na 1984, da Fulani da Buzayen Dakoro suka wayi gari babu garke? Ina na yaron da ya tafi cin rani Agadas ko Libiya? Tsofaffin da suka san waɗannan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram. Yaran da suka bi irin waɗannan azuzuwa sun iya karatu, sai suka fito suka tarar abin karantawar kaɗan ne.

Ga abin da nake roƙo. Ma'aikatar ilimi ta biya masu fassara su juya littattafan Mamani da na marubuci Bubu Hama zuwa Hausa, haka kuma Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak, domin ban so Hausa ta yi wa maƙwabtanta abin da Faransanci ya yi mata. A sa gasar ƙagaggun labarai kowace shekara, irin ta 1933 a Zariya wadda ta haifi Ruwan Bagaja. A buga wanda ya ci a Maraɗi, a takarda mai araha, a kawo shi kasuwar Dakoro a kuɗin da bai wuce jaka guda ba.