Zato zunubi ne

Jama'a, ku saurara. A 2022, jihar Yuta ta Amurka ta kafa doka: wanda aka haifa namiji kada ya shiga wasan ƴan mata a makaranta, ko ya ce shi mace ne.

To, wa ya sha wuya? A 2024, wata babba a hukumar ilimi ta sa hoton wata ƴar ƙwallon kwando a Facebook, ta jefa zato wai ba mace ba ce. Ƙarya ce! Ɗiya mace ce tun haihuwa. Aka yi ta zaginta, har ƴan sanda suka yi gadinta.

Dokar da ke sa a auna ɗiyan mutane da ido ba ta kare mata ba. In ɗiyarka ce fa?