Filin Tarihi: Abdulkarim, Baturen da ya sauka Damagaram da littafi a aljihu

Jama'a manoma da makiyaya, a wannan wata filin tarihi ya ɗauko labarin wani masani matafiyi. Sunansa Bart, mutumin ƙasar Jamus. A ƙasashen Hausa da Barno an san shi da suna Abdulkarim.

An haifi Bart a birnin Hambug a shekarar 1821. Ya yi karatu mai zurfi, ya koyi Larabci. Gwamnatin Ingila ta aike shi tare da Turawa biyu, Ricadsan da Oferweg, su binciko ƙasashen da ke kudu da hamada. Suka tashi daga Tarabulus a watan Maris na 1850.

Tun a hanya ya kusa halaka. Kusa da Gat ya fita shi kaɗai don ya hau wani dutse, ya ɓace, ruwansa ya ƙare. Ƙishirwa ta kai shi har ya yanki hannunsa ya sha jininsa. Wani Buzu ne ya bi sawunsa, ya tsince shi kwance, ya ba shi ruwa. Ilimin littafi bai fisshe shi ba ranar, sanin daji na mai raƙumi ne ya fisshe shi.

Ya shiga Agadas a watan Oktoba na 1850. Da suka iso Damargu a farkon 1851, sai suka rabu. Bart ya bi ta Tasawa da Katsina zuwa Kano. Oferweg ya nufi Gobir da Maraɗi. Ricadsan ya sauka Damagaram wurin Sarki Ibrahim, daga nan ya kama hanyar Kukawa, amma bai kai ba, ya rasu a watan Maris. Oferweg kuma ya rasu a bakin tabkin Cadi a 1852. Saura Bart shi kaɗai.

Bai koma gida ba. Ya tashi daga Kukawa, ya ratsa Manga, ya gaida Muniyoma a Gure, ya bi ta Mirya, ya shiga Zindar ranar 25 ga Disamba 1852. Ya zauna fiye da wata guda yana jiran kuɗin guzuri daga arewa. Ya rubuta cewa garin ƙofa ce ta ciniki, domin ayarin Gat da Gadamas ta nan suke bi. Da kuɗi suka iso, ya tashi ranar 30 ga Janairu 1853. Ya bi Katsina, Wurno, Sakkwato da Gwandu, ya ƙetare kogin Kwara a Sayi, ya isa Tumbutu a watan Satumba. A can Shehu Ahmadu Bakkayi ya ba shi mafaka.

Yaya yake aikinsa? Yana riƙe da agogo, da na'urar nuna arewa, da ma'aunin zafi. In ayari ya tashi, ya duba agogo. In an sauka, ya sake dubawa, ya san nisan zango. Kowace rijiya, kowane tabki, kowane gari, ya tambayi sunansa ya rubuta. Ya rubuta abin da ake nomawa da kuɗin kaya a kasuwa. Ya koyi Hausa da Barbarci da Fulatanci da yaren Buzaye, yana zama da malamai yana karanta littattafansu. Dare ya yi, ko ya gaji ko yana zazzaɓi, sai ya cika littafinsa kafin ya kwanta.

Ya koma Turai a 1855, bayan fiye da shekara 5. Ya buga littafi mai juzu'i 5 a 1857 da 1858. Wanda ya zana taswirorin littafin, Peterman, shi ne daga baya a 1868 ya sa aka aika jirgin ruwa can ƙuryar arewacin duniya, inda teku ke daskarewa ya zama ƙanƙara. Bart ya rasu a Balin a 1865, yana da shekara 44.

Akwai ɗan ƙasar nan cikin wannan tafiya. Sunansa Dorugu, an haife shi a Dambanas kusa da Kance. Yana yaro aka kama shi, aka sayar da shi bawa har Kukawa. Oferweg ya fanshe shi, ya ƴanta shi. Bayan rasuwar Oferweg ya bi Bart har Tumbutu, har Landan. A Ingila ya zauna da wani malamin mishan mai suna Shon, ya ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa, aka rubuta. Labarin yana cikin littafin Magana Hausa na 1885. Da ya tsufa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawar Kano, ya rasu a 1912.

Yara dubbai aka sayar a wancan zamani, ba wanda ya san sunansu yau. An san Dorugu domin maganarsa ta shiga takarda. Masana kuma har yanzu suna buɗe littafin Bart su ga inda ruwa da itatuwa suke a da, su gwada da yadda ƙasa take yanzu.

To, wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya sami abin da Bart ya yi aiki da shi. Manomi ya rubuta ranar ruwan shuka, da damman hatsin da gonarsa ta ba shi. Makiyayi ya rubuta rijiyar da ta ƙafe da watan da ta ƙafe, da ranar da aka yi wa bisashe allura. Mai tsoho a gida ya zauna da shi, ya rubuta sunayen kakanni da shekarun yunwa tun yana da rai. Magana zarar bunu ce, amma abin da ke takarda jikoki za su tarar da shi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.