Golan Tsafe da muka bari ya lalace

Jiya da yamma na tsayar da ɗan kabu-kabu a Gusau zai kai ni Tudun Wada. Mashin ya mutu a hanya, sai na ga ya sauko ya zagaya yana tada shi da ƙafar hagu. Da na dube shi da kyau gabana ya faɗi. Na san shi. Ba zan kama suna ba, amma duk wanda ya kalli ƙwallon unguwanni tsakanin Tsafe da Gusau a shekarun baya ya taɓa tafa wa yaron nan.

Gola ne, kuma wallahi ban taɓa ganin irinsa a ƙasar nan ba. A gabana ya ture fenariti biyu a wani wasa a Bungudu, har mutanen garin da ya hana su kofi suka ɗaga shi sama. Kowa cewa yake Zamfara United ma ta yi masa kaɗan, sai dai Kano Pillars. Bai cika ashirin ba aka yi karo da shi a bakin raga, gwiwar dama ta juya. Aka kai shi wurin mai ɗori, alhali ba ƙashi ne ya karye ba, jijiya ce ta tsinke, ita kuwa ɗori ba ya maganinta. Masu shirya gasar sun sayi kofi, sun yi hayar rumfa da kujerun manyan baƙi, amma ko sisi ba su ware wa wanda zai ji ciwo ba. Muka yi karo-karo, kuɗin bai isa a kai shi asibitin ƙashi na Dala a Kano ba. Shi ke nan.

Na ce masa, "Ƙanena, ya ƙafa?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ƙaddara ce, sai haƙuri."

Tun jiyan nake tuna Carl Ikeme. Golan Wolverhampton ne a Ingila, ya fara tsare wa Super Eagles raga a watan Satumba 2015 a wasan Tanzaniya da aka tashi babu ci. Da Vincent Enyeama ya ajiye, shi ne ya gaje shi. Ku tuna yadda ya tsaya mana a Ndola a 2016 muka doke Zambiya 2-1. A watan Yuli 2017, a gwajin jinin da kulob ke yi wa 'yan wasa kafin fara kaka, aka gano yana da sankarar jini. Wasa 10 kacal ya buga wa Nijeriya. Kofin duniya na Rasha a 2018 ya wuce shi, sai Francis Uzoho mai shekara 19 aka saka. A Yulin 2018 Ikeme ya yi ritaya yana da shekara 32, shekarun da gola ke kan ganiyarsa.

Shi ma bai kai inda aka zata ba. Amma ku duba bambancin. An gano cutarsa ne saboda akwai tsarin gwaji. An yi masa magani ya samu sauƙi. Golan da ya zo bayansa, Rui Patricio, ya ƙi ɗaukar lamba 1 don girmama shi, ya saka 11. Cuta ce da ba wanda ya jawo ta. Namu kuwa ciwo ne da likitoci ke gyarawa, ɗan wasa ya yi jinyar watanni ya koma fili.

Na yarda da ƙaddara, mai kyau da marar kyau. Amma mun mayar da kalmar bargon rufe sakacinmu. Za a ce yanzu ta tsaro ake, wa ke ta ƙwallo? Gaskiya ne, hanyar Tsafe kanta sai da addu'a. To amma filin ƙwallon nan yana cikin 'yan abubuwan da suka rage da ke riƙe matasa da yamma. Wanda aka bari ya lalace a fili, ƙannensa suna kallo.

Shawarata ga masu shirya gasa da 'yan siyasar da ke saka kofi: kafin a sayi kofi a cire kaso daga kuɗin rajista a ajiye don jinya. Kada a busa usur sai da ma'aikacin lafiya a bakin fili. In gwiwa ta kumbura, a fara da asibiti a ɗauki hoto. A rage kujerun manyan baƙi, kuɗin zai fito.

Da na sauka ya ƙi karɓar kuɗina, sai da na matsa. Ya ce har yanzu safar hannunsa tana nan a ajiye, ɗansa yake jira ya girma. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kada ɗan ya tarar da mu yadda uban ya bar mu.